Keken zuwa aiki a birni: yadda za a zaɓi mai araha, a kuma tsare shi daga ɓarayi

Kusan kowace ikkilisiya a ƙauye tana da 'ya'yanta a birni. Wasu sun tafi makaranta, wasu suna koyon sana'a, wasu suna gadi ko aikin gini, wasu kuma ci-rani suke zuwa bayan girbi su dawo da ruwan farko. Da yawansu suna kwana a bakin gari inda haya take da sauƙi, wurin aikinsu kuwa yana can cikin gari. Saboda haka kowace safiya sai sun biya kuɗin mota, da yamma kuma su sake biya.

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar mai da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500, kuma a shekarar 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya bi bayanta. Mutane da dama suka tuna da keke. Ba wannan ne karo na farko ba. Da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri a 2011, keke ne ya rufa wa masu ƙaramin ƙarfi asiri. A Kano ma an hana acaba a watan Janairu 2013.

Amma akwai labarin da ake yawan ji. Iyali sun sayar da akuya da buhun masara, sun saya wa ɗansu keke mai ƙyalli, ya tafi da shi birni, kafin wata ya ƙare an ɗauke shi a ƙofar wani shago. A ƙauye mutum yana jingine kekensa a gindin mangwaro ya tafi gona, domin kowa ya san keken wane ne. A birni ba wanda ya san ka, ba wanda ya san kekenka. Shi ya sa zaɓen keke da tsaron keke magana ɗaya ce, kuma tun kafin a je kasuwa ya kamata a yi ta.

Ku fara da lissafi

Ku zauna da wanda zai hau keken ku rubuta abin da yake kashewa a kan mota. A ce naira 1,000 ne a rana, zuwa da dawowa, kuma yana aiki kwana 26 a wata. Naira 26,000 ke nan. Ku tambayi kuɗin keke a kasuwa, ku raba shi da wannan adadi, za ku ga wata nawa keken zai yi kafin ya biya kansa. Ku sa naku adadin a madadin namu, domin farashi yana canzawa kullum.

Sai nisan hanya. Mai tafiya a ƙasa yana cin wajen kilomita 5 a awa ɗaya. Mai keke a cikin gari, ba tare da gaggawa ba, yana cin kilomita 12 zuwa 15. Tafiyar kilomita 8 za ta ɗauke shi minti 32 zuwa 40. Idan wurin aikin ya wuce kilomita 15, a yi tunani sosai, musamman ga mai aikin ƙarfi wanda zai wuni yana ɗaukar bulo.

Kada kuɗin da kuka tara ya ƙare a kan keken kaɗai. Ku raba shi. Kaso mafi girma na keke ne. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma don sarƙa da kwaɗo masu kyau. A bar wani abu don gyaran farko, da famfo, da kayan faci, da fitila. Wanda kuɗinsa ya kai na keke amma bai kai na kwaɗo ba, gara ya sayi keke mai rahusa, ko ya jira zubin adashe na gaba.

Wane irin keke?

Mafi yawanmu mun san baƙin keken nan mai manyan ƙafafu na inci 28, mai birkin sanda da kariya a baya. Iyayenmu sun hau Raleigh, wanda asalinsa daga Ingila yake, kuma a da ana harhaɗa shi a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa, tare da Hero da Avon na Indiya. Irin wannan keke yana da nauyi, yakan kai wajen kilo 20, kuma giya ɗaya gare shi. Amma yana ɗaukar kaya, yana jure rami, kuma babu mai gyaran keke a bakin titi da bai san cikinsa da bayansa ba. A gari mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar Kano ko Maiduguri, ya isa. Rauninsa shi ne birki. Idan ruwan sama ya jiƙa ƙafafun, birkin sanda ba ya kamawa da wuri, sai mai hawa ya rage gudu tun daga nesa.

Na biyu shi ne keke mai giya, mai faɗin taya, yawanci na inci 26. Da yawansu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai ko Japan. A gari mai tudu kamar Jos giya tana da amfani ƙwarai, domin hawan tudu da baƙin keke kowace safiya yana gajiyar da mutum kafin ya fara aiki. Amma giya tana buƙatar kulawa, kuma ba kowane mai gyara ne ya iya daidaita ta ba. Giya 6 ko 7 a baya sun wadatar. Mai giya 21 bai fi shi kai mutum wurin aiki ba.

Akwai na uku da muke ba da shawara a guje shi: sabon keke mai launi mai ɗaukar ido, da shokozoba gaba da baya, da manyan rubuce-rubuce a jiki, amma kuɗinsa kaɗan. Samari suna son sa. Shokozoban mai araha tana ƙara nauyi, tana shanye ƙarfin ƙafa, kuma idan ta lalace da wuya a gyara ta. Ga shi kuma irin keken da ɓarawo yake hangowa daga nesa, domin yana da saurin sayuwa.

Ga wata hanya mai sauƙi ta yanke shawara. Kafin ku saya, ku je wurin mai gyaran keke da ke unguwar da za a zauna, ba na ƙauye ba. Ku duba irin tayoyin da ya rataye. Ku tambaye shi wane keke ne yake da kayansa a kowane lokaci. Keken da za a yi mako biyu ana neman tayarsa ba mai araha ba ne, ko nawa aka saye shi. Wasu kekunan waje suna zuwa da girman ƙafa da ba a cika samun tayarsa a nan ba. Girman yana rubuce a gefen taya, ku karanta ku nuna wa mai gyara.

Ku tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifikar rediyo ne. Idan ya manne a jikin keken, ƙarfe ne, kuma kowane mai walda zai iya ɗinke shi idan ya tsage. Idan bai manne ba, alminiyum ne. Ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa, amma waldarsa sai mai kayan aiki na musamman, kuma sau da yawa ba ya komawa da ƙarfinsa.

Mata ma suna hawa. Keke marar sanda a tsakiya ya fi sauƙi ga mai zane ko doguwar riga, da dattijo, da duk wanda zai riƙa sauka yana hawa a cikin cunkoso.

Yadda ake duba keke na hannu

Keke na hannu mai lafiya ya fi sabo marar ƙwari, kuma tsufansa kariya ce a gare shi. Amma sai an duba. Ku je da rana, ku je da wanda ya san keke, kada ku yi sauri.

Ku fara da jikin keken, domin shi ne ba a canzawa. Ku tsuguna a gabansa ku hango ko ƙafar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Ku shafa ƙarfen da ke bayan wuyan keken, sama da ƙasa. Idan fentin wurin ya tattare ko ƙarfen ya kumbura, keken ya taɓa yin karo, ku bar shi. Haka kuma idan ƙarafa biyun da ke riƙe ƙafar gaba sun lanƙwashe zuwa baya. Tsatsar da ke sama ba komai ba ce, ana kankare ta. Tsatsar da ta huda ƙarfe ita ce matsala.

Ku ɗaga kowace ƙafa ku juya ta, ku sa ido a wurin robar birki. Idan ƙafar tana kaɗawa kaɗan, mai gyara zai daidaita ta da wayoyinta. Idan tana tsalle ko ta lotsa, sai an canza ta, a rage kuɗin daga farashi. Ku matsa wayoyin biyu-biyu ku ji ko akwai sakakku ko karyayyu. Ku kama feda ku jijjiga ta gefe da gefe. Ku riƙe birkin gaba ku tura keken gaba da baya. Idan kun ji ƙwas-ƙwas, boris ya ci ko noti ya saki. Wannan ƙaramin gyara ne, amma dalili ne na neman ragi.

Ku ja cen daga gaban babban faifai mai haƙora. Idan ya taso har kuna ganin haske a ƙarƙashinsa, ya tsufa. Idan haƙoran sun yi tsini kamar ƙaya, su ma sun ci. Ku kwance notin sirdi ku ga ko yana hawa yana sauka, domin akwai wanda tsatsa ta kama shi har abada.

Daga nan a hau. Mai keken ya tsaya da sandar a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafarsa biyu a ƙasa, a sami ɗan sarari tsakaninsa da sandar. Idan ya zauna ya ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarsa ta miƙe. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa yana kawo ciwon gwiwa. Ya yi tafiya kaɗan ya sassauta riƙo. Keke mai lafiya yana tafiya sak, ba ya ja gefe ɗaya. Mai sayarwar da ya ƙi a gwada, akwai abin da yake ɓoyewa.

Kada arahar ta zama ta sata

Nan ne ake samun jarraba. Keken da ya fi kowane araha a birni shi ne wanda aka sato jiya. Wanda ya saye shi ya taimaki ɓarawo ya ci gaba da sana'arsa, kuma ya ci gumin wani talaka irinsa wanda watakila shi ma akuyar uwarsa aka sayar. Bai dace da mai bi ba. Ban da haka, karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar ƙasa. Idan mai keken ya gane abinsa a hanya, za a karɓe keken, kuɗin ya tafi, kuma mai sayen ne zai kwana a ofishin 'yan sanda yana bayani.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Farashin ya faɗi ƙasa da rabin na kasuwa. Mai sayarwa yana gaggawa, yana waige-waige, yana so a gama a lungu ko da dare. Bai san lokacin da ya saya ba, bai san lahanin keken ba. Makullin da ke ƙafar baya a karye yake ko babu mabuɗinsa. An goge lambar keken, ko an shafe ta da sabon fenti.

Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a jikin ƙarfe. Ku kifa keken ku duba ƙarƙashin wurin da feda take juyawa. A wasu baƙaƙen kekuna tana kusa da gindin sirdi. Ku saya a wurin mai shago ko mai rumfa da za a iya komawa a same shi gobe. Ku nemi rasit mai ɗauke da kwanan wata, da sunan mai sayarwa, da irin keken, da launinsa, da lambarsa, da kuɗin da aka biya. Idan a hannun mutum za a saya, a rubuta takarda, shaidu biyu su sa hannu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. A ɗauki hoton keken da na lambar da na rasit ɗin a waya, a aika wa wani ɗan'uwa a gida, domin waya ma ana sace ta.

Sarƙa da kwaɗo

Ƙaramin makullin da yake zuwa a ƙafar baya yana hana a tuƙa keke, amma ba ya hana a ɗauke shi. Mutum biyu da a-daidaita-sahu sun gama da shi cikin ƙiftawar ido. Siririn makullin waya mai roba a jiki, wanda ake sayarwa da araha, almakashin ƙarfe yana datse shi nan take. Kada ku dogara da ɗayansu shi kaɗai.

Abin da ya fi shi ne sarƙa mai kauri, wadda kaurin ƙarfenta ya kai milimita 8 zuwa 10, da babban kwaɗo wanda wuyansa gajere ne, yadda almakashi ba zai sami wurin kamawa ba. Sarƙar da aka ƙona ta yi tauri ta fi ta ɗaure kare ko ta rijiya nesa ba kusa ba. Ku gwada ta da zarton ƙarfe a gaban mai sayarwa: idan zarton ya shiga da sauƙi, ba ita ba ce. A zura ta cikin tsohuwar robar cikin taya don kada ta kankare fenti ko ta dami mutum da ƙara. Akwai kuma makullin ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙahon sa, wanda ake samu a manyan shagunan keke. Mai kyau a cikinsu yana da ƙarfi sosai.

Gaskiya ita ce babu makullin da ba a yankawa. Yanzu akwai injin yankan ƙarfe mai batir da yake shiga jaka. Aikin makulli shi ne ya ɓata wa ɓarawo lokaci, ya sa shi yin ƙara, har ya ga cewa wannan tsohon keke bai kai wahalar ba.

Yadda aka ɗaure ma yana da muhimmanci. Sarƙar ta bi ta cikin jikin keken da ƙafar baya, sa'an nan ta zagaye abin da ba ya motsi, kamar ƙarfen da aka kafa da siminti. Wanda ya ɗaure ƙafar gaba kaɗai zai dawo ya tarar da ƙafar gaba kaɗai. Ku duba abin da kuke ɗaurewa a jiki. Gajeren turke, ana ɗaga keken a zare ta sama. Katako da ƙaramin itace, ana sare su. Kada kwaɗon ya kwanta a ƙasa, domin a nan ne ake samun damar dukansa da guduma. Kada kuma a bar sarƙar da saki da yawa.

Kekunan waje da yawa suna da ɗan hannu a ƙafafu da gindin sirdi wanda ake buɗewa ba tare da sifana ba. An yi shi don sauƙin faci, amma ya fi yi wa ɓarawo sauƙi. Ku sa mai gyara ya canza shi da noti tun ranar farko. Fitila da famfo kuwa a cire su a shiga da su.

Kada ku ji kunyar keke marar kyan gani. Ku shafa masa fenti na gida a wurare biyu ko uku, launin da za a gane daga nesa. Ku buga alama a jikin kariya. Ku rubuta suna da sunan ƙauye a takarda, ku naɗe a leda, ku cire sirdi ku jefa ta cikin bututun. Ranar gardama, wannan takarda za ta yi magana. Keken ya yi muni a ido, amma cen ɗinsa ya sha mai, tayarsa ta sha iska, birkinsa yana kamawa.

Inda zai wuni da inda zai kwana

Kafin a biya kuɗin ɗaki, a tambaya ko keke zai shiga ciki. A gidan haya mai mutane da yawa, tsakar gida ba wurin kwanan keke ba ne, domin ƙofa takan kwana a buɗe kuma baƙi suna shige da fice. Idan ɗakin ƙarami ne, a kafa ƙugiya a bango a rataye shi. Idan dole ya kwana a waje, a nemi izinin mai gida a kafa zoben ƙarfe da siminti.

A wurin aiki, a nemi inda idon mutane yake: kusa da mai gadi, ko mai shayi, ko mai faci da yake zaune wuni guda. A gaishe su kullum, a san sunansu, a riƙa sayen abinsu. A kasuwanni da yawa akwai masu jiran kekuna da babura da ake biya kaɗan su ba da lamba. Wannan kuɗi ba asara ba ne. Abin da ya fi cin mutane shi ne "bari in shiga in fito". Ko sayen kati za a yi, a kulle.

Da yake maganar tsaro muke yi, ran mai keken ya fi keken. Tun 1972 a hannun dama ake tuƙi a Najeriya, kuma dokar ta shafi mai keke. Wanda ya saba da hanyar gona ya koyi titi a ranar da babu cunkoso. Kada ya bi hannun da motoci suke tahowa, kada ya shiga gefen babbar mota a kwana, ya yi hankali da masu a-daidaita-sahu da suke tsayawa ba sanarwa. Mai fita da asuba ko dawowa da dare ya sa farar fitila a gaba, ja a baya, da riga mai haske.

Ikkilisiya tana iya taimakawa da abu kaɗan. Sakatare ya buɗe littafi ya rubuta sunan kowane mai keke da lambar kekensa. Idan matashi zai tafi birni, a haɗa shi da wani ɗan'uwa a can da zai raka shi kasuwa ya zama shaidarsa. A lokacin sujada ma ana sata, domin ɓarayi sun san kowa yana ciki har awa biyu. A kafa dogon ƙarfe ɗaya a harabar majami'a, matasa su riƙa jira bi da bi.

Idan duk da haka an sace

A kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar, da rasit da lamba da hoto. A gaya wa mai unguwa da 'yan banga. A zagaya wurin masu gyaran keke na unguwar da na maƙwabta a nuna musu hoton, domin keken sata yakan bi ta hannunsu don canza fenti ko kaya. A je wurin shugaban masu sayar da kekuna a kasuwa a bar masa lambar. A yi wannan cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin a wargaza keken ko a fitar da shi gari.

Idan kun ga keken a hannun wani, kada ku yi ihun ɓarawo. A birni taron jama'a yana kashe mutum kafin a tambaye shi, kuma mai yiwuwa wanda yake kai saye ya yi bai sani ba. Ku lura da inda ya tsaya, ku kira ɗan sanda ko mai unguwa, ku nuna rasit. Sa'an nan a kifa keken a karanta lambar a gaban shaidu, a cire sirdi a zaro takardar.